Daga Tawa zuwa Yamai: kujerar majo ko bakin gadon mara lahiya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Satin da ya wuce wata ƙanwata da muka yi aiki tare a daji ta kira ni da dare, mijinta ya samu canjin wurin aiki zuwa Yamai ita ma ta aje takardun bin miji, tana tambayata wai Yaya in na zo biro zan nema ko in koma ɗakin marasa lahiya? Mun daɗe muna magana har kiredinta ya ƙare ban gama ba ta amsa ba, kuma tun daren nan abin yake cina a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance ko Allah ya sa ya amfani wata.

Ni haihuwar Tawa ce, can na yi lekol har na samu shiga ENSP ta Damagaram, makarantar koyon aikin jinya, na yi shekara uku. Da na fito na yi aikin sa kai ba ko dala, daga baya kwantaragi, daga baya Allah ya kawo matirikil, wato lambar zama ma'aikaciyar gwamnati, duk wanda ya bi hanyar nan ya san ba sai na tsaya bayani ba. Aka tura ni wani CSI, wato ƙaramin gidan likita, cikin ƙasar Adar, garin da in ruwa ya sauka ƙorama ta kawo to ba shiga ba fita sai ta janye. Shekara uku da zuwana majonmu, wato shugaban ma'aikatan wurin, ya ci jarrabawa ya tahi ƙarin karatu makarantar kiwon lahiya ta ISP a Yamai, aka ce ni zan riƙe wurin, a haka na zama majo ban nema ba.

Amma ku gane, majo a daji suna ne kawai ya canza. Da safe ni ke duba marasa lahiya, ni ke yin gwajin palu, zazzaɓin cizon sauro, a yatsa, ni ke auna damtsen yara da igiyar nan mai kala uku in ta faɗa ja wato ƙasa da milimita 115 in sa yaro cikin masu karɓar Plumpy'Nut, abincin masu tamowa, da dare in unguwarzoma ba ta nan ni ake buga wa ƙofa in karɓi haihuwa da cocila a baki. Firigon rigakafi safe da yamma sai na duba na rubuta, kada ya fita daga digiri 2 zuwa 8. Damina in ta kama ga rabon maganin kariyar palu gida gida na yara daga wata 3 zuwa wata 59, wata huɗu ana yi, ga fita ƙauyuka bisa moto, ga taron kwamitin gari kan kuɗin akwati, tunda tun 2006 yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ake duba su kuma kuɗin da gwamnati za ta mayar wa CSI yakan daɗe bai iso ba, sai kin yi dabara kantar magani ba ta bushe ba. Rapor kuwa ƙarshen wata nake zama in yi shi dare biyu in gama. Duk wani adadi da na rubuta cikin rapor ɗin nan na san mai shi. In na rubuta yaro ɗaya ya rasu na san uwarsa, na san ƙauyensu, galibi ma na je gaisuwa. Ku riƙe wannan, don a kansa maganata za ta dawo.

Shekarar 2021 maigidana, malamin makaranta ne, aka maida shi Yamai. Ya riga mu tahiya, ni na zauna da yara uku ina jiran takarduna su fito, wata bakwai ana ce mini suna kan tebur. Ranar da muka taso ba na mantawa, tun asuba muka shiga mota, Badagishiri, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kilomita wajen 550, Inna ta cika mini buhu da gero da albasa da cuku da kuka kamar wadda za ta garin da ba a cin abinci, ta riƙe hannuna a tasha ta ce ke ɗiyar nan ki riƙe sallarki ki riƙe aikinki, ba ta ƙara komai ba. Tun daga Tsarnawa nake kuka a ɓoye kar yara su gani.

Baƙo ko da ido makaho ne, wallahi na ga gaskiyar maganar nan. Aka ba ni wani babban asibiti ɓangaren yara, ba zan faɗi sunansa ba. Ranar farko na shiga da bulus ɗina fara tas da shekara goma sha ɗaya na aiki a bayana, bakwai a ciki ina majo, babu wanda ya tambaye ni me na taɓa yi. Aka nuna mini inda ake aje jaka, aka sa sunana a ƙasan takardar gardi, wato ta masu aikin dare, shi ke nan. Wata yarinya da na girma da kusan shekara goma sha biyar ita aka ce ta nuna mini aiki, kuma gaskiya tana da abin nuna mini, don injin nan mai tura allura a hankali ban taɓa taɓa shi ba, injin oksijan sau ɗaya na gan shi a asibitin gunduma, allon nan mai ƙara in numfashin yaro ya sauka ban san wane maɓalli ake dannawa ba. Na ji ana cewa a bayana ai ƴar daji ce. Ya yi mini ciwo sosai, na koma gida ban iya cin tuwo ba.

Ga kuma harshe. A Tawa in ba Hausa ba to Buzanci ne ko Fulatanci kuma na iya ɗan abin da zan tambayi ciwo da shi, nan kuwa rabin iyayen yaran Zabarmanci suke ji. Uwa za ta tsaya gabana tana bayani tana nuna cikin ɗanta hawaye na zuba, ni kuma in ba fofo da mate gaham ba abin da na sani, sai na nemo mai shara ta fassara mini. Ni da aikina duka da baki nake fara shi, in zauna in ji tun yaushe, me aka ba shi a gida, an kai shi wurin mai magani, an cire masa beli. Na sayi ƙaramin kaye ina rubuta kalmomi, ruwa hari ne, yaro zanka, kala suuru wato sai haƙuri, wannan ita na fi faɗa. Hayar gida a Talaje ta cinye mana abin da a Tawa yake ciyar da mu wata guda, taksi biyu nake shiga kafin in isa aiki, in na sauko gardi ƙarfe takwas na safe rana ta riga ta buɗe, in iso gida ga wanki ga girki babu Inna babu ƙanne da za su kama mini. Wata shidan farko sau biyu ina ce wa maigida ni dai a maida ni.

Abin da ya tsayar da ni hannuna ne. Wani dare cikin watan Satumba, lokacin da palu ya fi tsanani, gado ɗaya yara biyu wani ma uku, aka kawo wani yaro ɗan wata tara gudawa da amai sun tsotse shi, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, in kin ja fatar cikinsa sai ta tsaya ba ta koma ba. Mutum uku sun gwada sa masa katete, allurar robar da ake sa wa jijiya don ƙarin ruwa, hannu biyu ƙafa biyu duk an huda ba a samu jijiya ba, uwar ta juya baya ta kasa kallo. Na ce ku ba ni in gwada. Na sa aka kawo reza na aske masa gefen kai sama da kunne kaɗan, na ce wa istajiye, ɗaliba mai koyon aiki, ta riƙe mini kan da tafin hannu biyu kar ta matse, na jiƙa auduga na shafa na jira, don jijiyar kai ba a yi mata gaggawa, sai yaron ya ɗan yi kuka take tasowa siririya kamar zare. Na taɓa da yatsa in tabbata ba mai bugawa ba ce, na kwantar da allurar kusan daidai da fata na shiga da bismilla, jini ya leƙo. Ɗakin ya yi tsit. Muka ɗaure da filasta muka saki ruwa, kafin asuba yaron ya kama nono. A daji na koyi wannan, inda in kin kasa babu wanda za ki kira, kuma ƙorama ta hana mota zuwa. Daga daren nan aka daina cewa ƴar daji, aka koma a kira Tantin Tawa, ko ina wane ɗaki in jijiya ta gagara sai a aiko.

Shekara biyu na yi a haka kuma raina ya kwanta. Zabarmancina ya ɗan miƙe har ina wasa da kakanni. Sai farkon daminar 2023 majonmu, dattijuwa mai kirki da ta kusa ritaya, ciwo ya kwantar da ita. Shugaban ɓangarenmu ya kira ni biro ya ce Madam na duba dosiyenki na ga kin riƙe CSI shekara bakwai, ki riƙe mana wurin nan kafin a ga yadda Allah zai yi. Na ce to Dokta, har cikin raina na ji daɗi, na ce ashe dai an san da ni. Ina ganin ai abin da na saba ne.

Ban yi sati uku a kujerar ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli. Ba siyasa na zo yi ba, abin da ya same mu a ɗakin yara nake faɗa. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Benin da ta Najeriya, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu wadda a lokacin ita ce mafi yawan wutar Yamai, kayan magani da ke shigowa ta Kotonu suka maƙale a hanya, kuma duk wannan ya faɗo daidai lokacin da sauro ya fi yawa. Injin oksijan da wuta yake aiki. In wuta ta ɗauke, tsakanin ɗaukewarta da tashin gurup, injin ba da wuta na asibiti, akwai ɗan lokaci, a agogo ba shi da yawa amma in kina tsaye kan yaron da leɓensa ke canza kala sai ki ji kamar shekara. Kuma ba kowane soket na ɗakin ne ke haɗe da gurup ba, wannan ban sani ba sai da na zama majo, shekara biyu ina aiki a ɗakin.

Aikin majo a babban asibiti ashe wani abu ne daban. Mutum ashirin da wani abu ke ƙarƙashina, kowa da matsalarsa kuma kowa da gaskiyarsa, wannan tana da ciki wata bakwai ba ta iya gardi, wannan mijinta ya hana ta kwanan waje sau biyu a sati, wannan yana karatu da yamma, wannan suna gare su a Tilaberi, ni kuma dole kowane dare in samu mutum uku a ɗaki. Takardar gardi ta wata guda sai in yi kwana uku ina gogewa ina sakewa, in na manna ta a bango kafin azahar an zo mini da fuska a ɗaure. Ga takardar neman kaya daga farmasi, ga ƙidayar safar hannu da sirinji da katete, ga taro kusan kullum, ga rapor da za a shigar a DHIS2, tsarin kwamfuta na tara alƙaluman lahiya, ga iyayen da suka zo ƙara, ga neman jini, don yaron da palu ya shanye wa jini har awon ƙarfin jininsa ya sauka ƙasa da 5 ba abin da zai tashe shi sai ƙarin jini, kuma da damina jini ƙaranci yake a ko'ina sai an nemo dangi su bayar. Wadda muke cin dambu da zogale kwano ɗaya da ita a gardi, ranar da na rubuta cewa ba ta zo aiki ba kuma ba ta aiko ba, daga ranar ta koma ce mini Majo ina kwana, ta wuce. Har yau ba mu koma kamar da ba.

Akwai ranar da ta canza mini tunani, ita nake so ƙanwata ta ji da kyau. Ƙarfe goma na safe akwai taron rabon kaya, kayan da suka rage a sito kaɗan ne za a raba wa ɓangarori, kowane majo zai je ya faɗi buƙatarsa. Na ɗauki kayena zan fita sai na ji kukan yaro daga ɗaki na biyu, irin kukan da na sani, na wanda ake ta hudawa ba a samu ba. Na ce minti biyar. Na aje kaye na sa safa na shiga, jijiyar ta ba ni wuya, na gama wannan aka ce Tanti ga wani ma, na gama aka shigo da mai jijjiga na tsaya aka ba shi diyazefam mai tsaida jijjiga aka duba sukarinsa. Da na ɗaga kai sha ɗaya da rabi ta wuce. Na isa an tashi. Katete ƙanana na jarirai, masu ruwan ɗorawa, da su na zo nema, an raba su babu ɓangarenmu don babu wanda ya yi magana da bakinmu. Sati guda cur iyaye ake rubuta wa su sayo a farmasin waje, na ga uba ya fita da takarda ya yi awa uku bai dawo ba don kuɗin yake nema, ɗansa na kwance yana jira. Yara uku na taimaka da hannuna da safen nan, na jawo wa yara fiye da talatin wahala. Na shiga biro na kulle na yi kuka, kuma daga ranar na daina raina aikin kujera. Da can in na ga majo zaune gaban kwamfuta a raina cewa nake ta huta. Allah ya yafe mini.

Sai na dage na yi aikin yadda ya kamata. Na nemo mai gyaran wuta muka bi soket ɗaya bayan ɗaya muka shafa wa masu haɗe da gurup jan fenti, muka jawo gadajen yaran da suka fi jin jiki zuwa bangon nan. Na haɗa akwatin gaggawa, a ciki akwai artesunat, allurar palu mai tsanani, da diyazefam da ruwan sukari da katete da sirinji, ana ƙirga shi duk lokacin da masu aiki za su canji juna, wanda ya buɗe ya rubuta. Na manna takardar awon artesunat a bango da manyan baƙaƙe don istajiye, yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 kowane kilo, wanda ya kai kilo 20 ko ya wuce kuwa miligiram 2,4 kowane kilo, a yi yanzu, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24. Na bi limamin unguwarmu ya yi wa matasa magana bayan sallar Juma'a wasu suka je suka ba da jini. Wata safiya na zo aka ce mini jiya ƙarfe uku na dare an kawo yarinya a sanƙame, farmasi a rufe, uban ba ko sisi, da akwatin nan aka tashe ta. Ina gida ina barci lokacin. Na je na leƙa ta tana shan koko, uwar ba ta san ni ba, ba ta da dalilin sanina. Na ji daɗi har cikin ƙashina, wannan gaskiya ne ba zan ɓoye ba.

Bayan wata takwas tsohuwar majo ta aje aiki gaba ɗaya, Dokta ya ce za a rubuta takarda a tabbatar da ni. Ya ba ni sati biyu in yi shawara.

Duk wanda ke sona cewa ya yi in karɓa, kuma ba wanda ya faɗi ƙarya. Maigida ya zaunar da ni bayan isha'i ya ce Hajiya ki duba, ba gardi, Asabar da Lahadi kina gida, babbar ɗiyarmu jarrabawar BEPC za ta yi bana tana buƙatarki da dare, ga ɗan ƙarin da ake ba mai muƙami, ga tarurrukan horo da ake kiran majo, daga nan ne mutane ke samun hanyar ƙarin karatu ko aikin ƙungiyoyi. Ya ce shekararki arba'in da ɗaya, bayanki kullum sai na shafa miki magani, har yaushe za ki yi ta sunkuyo kan gado? Na kira Inna ta ce ke ɗiyar nan, girma in Allah ya ba ka ba a ture shi, ubanki da yana raye da ya yi alfahari. Wannan maganar ta Inna ta fi kowace nauyi. Na yi istihara dare uku.

Na je gaida tsohuwar majo a gidanta can Harobanda, na haye gadar Kennedy da ƴar ledar lemo, na same ta kan tabarma. Na ce Tanti ku ba ni shawara. Ba ta ce in karɓa ba ba ta ce in bari ba. Ta miƙo mini hannuwanta ta ce ɗiyata shekara goma sha huɗu ban sa wa jariri katete ba, da ni ake kira kamar yadda ake kiranki, yanzu jikana in ya yi ciwo sai dai in kai shi a sa masa. Ta ce amma ɗakin nan da kika samu da gado da injin, ni na yi ta hawa bene ina roƙo har aka kawo. Ta ce kowanne aiki ne, ki duba wanda in kin kwanta da dare zuciyarki ba ta tuhumarki.

Abin da ya yanke mini shawara rapor ne. Ƙarshen watan nan na zauna gaban kwamfuta ina cika gidajen, waɗanda aka kwantar kaza, waɗanda aka sallama kaza, waɗanda suka gudu kaza, na zo gidan waɗanda suka rasu na buɗe rajista na ƙirga na rubuta adadin na wuce gida na gaba. Sai hannuna ya tsaya. Na koma na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, wallahi ko fuska ɗaya ban iya tunowa ba. Yara ne da suka cika a ɗakin da ke taku goma daga inda nake zaune, iyayensu mata sun goya gawa sun wuce ta ƙofar birona, ni ina ciki ina lissafin safar hannu. Ban ce laifi ba ne, wani dole ya yi lissafin nan, na riga na ga abin da ke faruwa in ba a yi ba. Amma ni na san abin da ya kai ni Damagaram ina ƴar shekara goma sha tara. Ƙanena ne ya rasu a hannun Inna da zazzaɓi muna kan amalanke ba mu isa likita ba, ina riƙe da ƙafarsa har ta yi sanyi. Ban taɓa faɗa wa abokan aikina wannan ba. Na ga in na ƙara shekara biyar a kujerar nan zan iya aikin, wataƙila ma in iya shi sosai, amma zan zama wadda ke rubuta adadi ta wuce hannunta bai tsaya ba, kuma na ji tsoron ranar.

Na je na samu Dokta na ce ku yi haƙuri ku maida ni ɗaki. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce Madam wani ya ɓata miki rai ne? Na ce ko kaɗan. Na ba shi sunan wani yaro cikinmu, ya fi ni ƙuruciya da shekara takwas, kwamfuta a hannunsa kamar wasa, kuma yana da abin da ni ba ni da shi, yana iya ce wa mutum a'a yana murmushi ya kwana lahiya, ni kuwa in na hana wata hutu sai in kwana ina juyi. Na roƙi abu ɗaya, a bar mini istajiye in riƙa koya musu aiki a bakin gado. Ya yi shiru ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ba a kyauta na samu wannan ba. Maigida ya yi kwana huɗu daga ina kwana sai sai da safe, ya ce na yanke shawara da zuciya ban duba gida ba, kuma akwai gaskiya a maganarsa don daren jarrabawar ɗiyata ina gardi, ta waya na yi mata addu'a. A asibiti aka yi ta cewa ai cire ta aka yi, wasu suka ce an kama ta da wani abu, na ji da kunnena a wurin alwala. Inna har yau in mun yi waya sai ta ce ita dai ba ta gane ba. Bayana yana nan yana ciwo, na sayi ɗamara ina ɗaurawa ƙarƙashin bulus, kuma ban ce har abada ba, ranar da jiki ya ƙi zan je da ƙafata in nemi kujera ba tare da kunya ba, tunda yanzu na san abin da ake yi a kanta. Sabon majo kuwa ina taya shi, in ya manna takardar gardi aka fara gunaguni ni ke cewa ku bar shi, ba ku san kwana nawa ya yi a kanta ba, in lokacin taro ya yi yana tsaye kan wani yaro sai in karɓi sirinjin daga hannunsa in ce Majo tahi, nan namu ne.

Ƙanwata, ke da kika tambaye ni, in kin zo kar ki nemi komai tukuna. Majon CSI da majon babban asibiti sunan ne ɗaya. Ki shiga ɗaki ki yi ko shekara guda, ki koyi injinansu, ki sayi kaye ki rubuta Zabarmanci, ki haɗiye ƴar dajin da za a ce miki don ba ta daɗewa, ki nemi gida kusa da inda aka tura ki ko da ya fi tsada kaɗan saboda kuɗin taksi da gajiya. In an ba ki riƙon ƙwarya ki karɓa ki ɗanɗana, wataƙila ke ki ga can ne wurinki, kin fi ni haƙurin takarda tun muna daji.

Jiya ina gardi. Wajen ƙarfe biyu aka kawo wata ƴar wata shida daga wani ƙauye bayan Kollo, kakarta ce ta goyo ta. Ina da istajiye ƴar shekarar ƙarshe, hannunta rawa yake in ta ga jariri, sau biyu tana ce mini Tanti ku dai ku yi. Na ce a'a yau ke za ki yi, ina nan. Na riƙe mata kan yarinyar, na ce jira, kar ki yi sauri, bari ta yi kuka, kin gan ta? Kwantar da hannunki. Ta shiga, jini ya leƙo, ta ɗago ta dube ni idonta cike da hawaye, na ce ɗaure tukuna kar ta fita. Kakar tana ta zuba mana addu'a da Zabarmanci, na gane fiye da rabi. Da safe kafin in sauka na koma na duba, zazzaɓin ya sauka, na rubuta a dosiye na ɗauki jakata na fita neman taksi.